Makullin Auta

Litinin, 3 ga Maris

An ba mu aikin tagogin sabon ɓangaren yara na asibiti, hawa na uku. Baba ya shigo shago yana washe baki kamar wanda aka yi wa haihuwa. Duka masu kishingiɗa ake so. In ka murɗa hannun tagar zuwa sama, kanta ya jingino ciki kaɗan, iska ta shigo, yaro bai samu hanyar zura jiki ba. In ka murɗa gefe, ta buɗe gaba ɗaya kamar ƙofa, don masu goge gilashi.

Matsalar ita ce wadda muka daɗe da sani. In taga tana kishingiɗe wani ya murɗa hannun, sai ƙyauren ya saki daga sama, ya rage yana lilo a kan hinji ɗaya, ga shi da nauyi kamar buhun siminti. Mai zanen ginin ta ce ba za ta yarda a kafa ko ɗaya ba sai ta ga makullin da zai hana hannun motsi.

Na ce ai muna da shi. Nawa, mai sifirin, wanda muke sawa tun Auta yana goge hanci da hannun riga.

Baba ya ce, "A kai mata. Ƙaninka ma ya ce yana da wani tunani, shi ma ya kai nasa."

Auta da tunani. To.

Laraba, 5 ga Maris

Tun safe yana duƙe a kusurwarsa, in na gifta sai ya ja tsumma ya rufe abin. Ni zai ɓoye wa? Ni da na koya masa yadda ake riƙe magagari. Da rana ya zo yana sosa ƙeya, "Yaya, ara min ƙaramin magagarinka mana." Na ba shi. Da kayana ma zai yi.

Asabar, 8 ga Maris

Na gani.

Ba sifirin, ba komai. Wani ɗan harshen tagulla ne, bai kai ɗan yatsa ba, a rataye cikin ƙyauren. In taga tana tsaye, harshen yana gefe, bai tare komai ba. Da zarar ta kishingiɗa, nauyinsa kawai ke karkatar da shi ya faɗa cikin wani ɗan tsagi, hannun ya ƙame. A mayar da taga, ya koma mazauninsa. Shi ke nan fa. Shi ke nan.

Na ce masa, "Wannan ai abin wasan yara ne." Ya yi dariya ya ce, "To ai ɗakin yara za a kai shi, Yaya."

Shekara da shekaru ina kallon tagar nan tana kishingiɗa a gabana, ban taɓa tunanin ita kanta za ta iya kulle kanta ba.

Talata, 11 ga Maris

Mai zane ta zo shago. Ta fara da nawa, ta murɗa, ta jijjiga, ta ce yana da kyau. Har na fara gyara tsayuwa. Sai ta ce, "In sifirin ɗin ya gaji fa?" Na ce sai a canza. Ta ce, "Wa zai san ya gaji kafin taga ta faɗo?"

Da ta zo kan na Auta, ta kishingiɗar da taga, ta ji ƙas, ta mayar, ta sake, ta sake, har ta ajiye jakarta a ƙasa don ta samu hannu biyu. Ta yi dariya kamar yarinya. Ba ta ma ce na zaɓa ba, kawai ta tambaye shi yaushe zai gama sauran.

Baba ya ɗora masa hannu a wuya ya bar shi a wurin. Ina kallon hannun. Ni tun da na fara shiga shagon nan, babbar lambar yabon da na taɓa samu daga bakin Baba ita ce "ba laifi."

Laraba, 12 ga Maris

Kaina ke ciwo. Ban je ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Maman yara ta ce, "Ƙaninka ne fa, ba bare ba."

Na ce wa ya yi magana?

Ta ce, "Cokalin da kake juya shayi da shi ne ke magana. Saura kaɗan ka huda kofin."

Kamar wannan bai isa ba, ƙaramar tawa ta dawo daga makaranta tana ba ni labari wai ta gaya wa 'yan ajinsu Baba Ƙarami ya ƙirƙiro abu. Ta ce, "Kai me ka taɓa ƙirƙirowa?" Ba da mugunta ba, tambaya ce kawai. Na ce ke na ƙirƙiro, je ki cire kayan makaranta.

Asabar, 15 ga Maris

Baba ya kwashe kayansa daga teburin bakin ƙofa, ya ce Auta ya koma can, wai aikinsa na buƙatar haske. Teburin da ko sukundireba ba ma ajiyewa a kai sai da izini. Ni idona na ƙarfe ne, ba ya buƙatar haske.

Da suka fita kai saƙo na ɗauki makulli ɗaya na ɗaura a tagar gwaji. Na zuba masa yashi. Ya yi ƙas. Na shafe shi da baƙin mai, na ƙara ƙura. Ƙas. Na buga tagar da ƙarfi har firam ɗin ya yi ƙara. Ƙas. Na ɗauko guduma, sai na ji Dogo mai yankan gilashi a bayana yana cewa, "Oga, wannan gwaji ne ko ramuwa?"

Na ce ya je ya ji da gilashinsa.

Abin ba ya lalacewa. Ko ɗan tari bai yi ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Mun je gaida Inna. Ita da ba ta san bambancin noti da sukuru ba, yau har da ce min, "An ce harshen nan ba ya tsatsa ko?" Matar Auta tana gefe da cikinta, tana ta sunkuyar da kai tana murmushi. Na ce tagulla ce, dama ba ta tsatsa, ba shi ya ƙirƙiro tagulla ba. Inna ta dube ni ta ce, "Babba, ka ci abinci kuwa?"

Talata, 18 ga Maris

Na je asibiti awo. Bangon gabas ba daidai yake ba, samansa ya ɗan ja baya zuwa waje. Ido ba zai gani ba, sai da na ɗora lebul na ga ɗigon ruwan ya gudu gefe. Ba sabon abu ba ne, magina sun saba mana. In karkatar ba ta da yawa mukan bi bango yadda yake, makullina bai damu ba, sifirin bai san tsaye da karkace ba.

Ina saukowa, a tsakiyar matakala, na tsaya.

Na Auta ya sani. Shi da nauyi yake aiki. In firam ya riga ya ja baya, ko taga ta kishingiɗa ba za ta kai inda harshen zai faɗa ba.

Na daɗe a tsaye har wani mai ɗauke da bokitin fenti ya ce in ba shi hanya. Ji nake kamar na tsinci abu a hanya. Na sa lebul a jaka na zuge.

Mai tunani ya yi tunani.

Laraba, 19 ga Maris

Mun kafa na gwaji guda biyu, ɗaya a bangon arewa, ɗaya a na gabas. Na bi bango yadda muka saba. Ba wanda zai ce na yi abin da ba a saba ba. Auta ya gwada ta arewa, ta yi ƙas, ya ji daɗi. Ya nufi ta gabas, na ce siminti bai gama kamawa ba, a bar ta sai jibi. Gaskiya ce. Rabin gaskiya dai.

Ya sayo mana shayi muka zauna a kan bulo. Yana ta surutu, wai yana tsoron ranar gwajin, wai in ya ga mutane bakinsa na rawa, ko ni zan yi bayanin? Wallahi maganar ta zo min har maƙogwaro. Sai wayarsa ta yi ƙara. Baba ne, yana tambayar yadda aiki ke tafiya. Shi ya kira. Ni ne mai kafa tagogin shagon nan tun Auta bai san hanyar shagon ba, amma shi ya kira.

Na haɗiye ta da shayin.

Alhamis, 20 ga Maris

Gobe ne gwajin. Babu yaro a ɗakin tukuna, ko gado ba a sa ba. Iyakar abin, hannun zai murɗu, ni ina kusa zan tare ƙyauren, a ɗan ji kunya, a dawo kan nawa. Ba wanda zai mutu don jin kunya.

Juma'a, 21 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Akwai Baba, mai zane, babbar nas ta ɓangaren, da ɗan kwangila. Auta ya yi bayanin da kansa, bakinsa bai ma yi rawa ba. Ta arewa ta yi lafiya, aka yi ta gyaɗa kai. Muka matsa ta gabas. Na je na tsaya kusa kamar yadda na shirya. Sai ɗan kwangila ya ja ni gefe yana tambayar maganar robar da za mu zagaye gilashi da ita. Na juya. Taku biyu kawai na yi.

Na ji Auta yana ce wa nas ɗin, "Ki murɗa da duk ƙarfinki, ba zai motsa ba."

Ya motsa.

Zan rubuta wannan sau ɗaya, ba zan sake ba. A daidai lokacin da na ga hannun ya juya, kafin ƙyauren ya saki, daɗi na ji. Daɗi sosai, har cikin haƙorana.

Sai ƙyauren ya taho kan matar. Auta ya ture ta da kafaɗa ya kai hannu ya tare, nauyin ya murɗe ya datse masa yatsu a jikin firam. Bai yi ihu ba, wani irin sauti ya yi kamar an taka kyanwa. Gilashin ko tsagewa bai yi ba. Ni na ɗaga ƙyauren daga kansa, ban san ma ya aka yi na isa wurin ba. Hannun dama. Yatsu biyu sun karye, na tsakiya ya fi muni.

Da yake a asibiti muke, ba mu yi nisa ba. Ina zaune a kan benci da jininsa a rigata, Baba yana kai da komo yana faɗa, "Yaro da gaggawa! Ba a gwada abu sai a gaban mutane?" Shi yake wa faɗa. Ni ya ce min, "Allah Ya taimake mu kana kusa."

Lahadi, 23 ga Maris

Mai zane ta kira Baba. Ta ba mu zuwa ƙarshen wata mai zuwa, ko a gano abin da ya faru a gyara, ko ta ba wasu aikin gaba ɗaya. Na tambayi Baba, ba ta ce komai a kan nawa ba? Ya ce, "Wane naka?"

Ko tunawa da shi ba ta yi ba.

Litinin, 24 ga Maris

Ya zo shago da hannu a filasta, rataye a wuya. Baba ya ce ya koma gida, ya ƙi. Ya jira har Baba ya fita, Dogo ya kunna injinsa, sannan ya jawo kujera ya zauna a gefen teburina.

"Yaya, kai ka auna bangon gabas, ko?"

Na ce ni ne.

"Da lebul?"

Na ce da shi.

Ya daɗe yana kallon filastar. Na so ya zage ni. Na so ya tashi ya je ya gaya wa Baba, ko ya jefe ni da wani abu da hannun hagun. Sai ya ce, "To." Can ya ƙara, "Hannuna ba zai yi ba. Naka zai yi. In aikin nan ya tafi, Baba ba zai tashi ba."

Ya turo min tagullar da ƙafa.

Alhamis, 27 ga Maris

Ni ne yau nake ƙera makullin Auta, shi yana zaune a kaina kamar mai duba jarrabawa. "Yaya, ƙara goge nan kaɗan." "Yaya, bakin ya yi kaifi, zai maƙale." "A'a, wancan gefen." Ni. Da gemuna.

Abin da ya fi ƙona min rai, duk lokacin da ya ce a ƙara, in na gwada sai in ga da gaskiyarsa. Ashe lanƙwasar bayan harshen ba ado ba ce, ita ke sa ƙura ta zame. Ashe ramin da na ɗauka kuskure ne, shi ke rage nauyin sama. Ina ya koyi wannan? Shago ɗaya, uba ɗaya, abinci ɗaya. Ni da na riga shi zuwa ina aka kai rabona?

Asabar, 29 ga Maris

Mutane sai zuwa dubiya suke har shago. Kowa da labarin yadda ya ceci nas. Yanzu ban da mai basira ya zama jarumi ma. Na san bai kamata in ji komai ba. Na ji.

Talata, 1 ga Afrilu

Na kawo gyara. Na ce a sa ɗan sukuru a ƙasan farantin da harshen ke rataye, in bango ya karkace a ɗaga shi ko a sauke. Kwana biyu ina juya abin a kaina. Ya duba, ya ce, "Kai, Yaya, wannan ya yi!" Har na ji wuyana ya miƙe.

Sai ya ɗauki fensir da hagu ya ja wani karkataccen layi. "Amma in muka yi ramin dogo, farantin duka zai juya, ba sai mun ƙara sukuru ba. Mai kafawa ya daidaita, ya ɗaure, ya wuce."

Ko gyaran nawa sai da ya gyara shi. Da hannun hagu.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na gaya wa Maman yara. Duka, har da abin da na ji da hannun tagar ya juya. Tana ninke kaya, ba ta daina ba. Da na gama ta ce, "Ni yatsuna lafiyarsu ƙalau. Ba ni ce za ka gaya wa ba."

Ta kawo min abinci ta ajiye, ba ta zauna ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An cire filasta. Ɗaya ya warke, na tsakiya ya ƙi lanƙwasuwa. Likita ya ce wataƙila da motsa shi a hankali ya dawo, wataƙila. Ya ɗauki magagari ya gwada, ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ya sake. Ya sake faɗuwa. Ya yi dariya ya ce yanzu ya samu dalilin zama oga. Dogo ya taya shi dariyar. Ni na fita bayan shago inda muke tara guntayen alminiyam, na yi ta jera su ba dalili.

Da yamma Baba ya ɗauki makulli ɗaya daga cikin waɗanda na gama, ya juya shi a haske, ya ce, "Babba, hannunka ya fi nawa." Yau ya ga dama. Na yi ta jira in ji daɗin ya zo, bai zo ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Mu biyu a mota, za mu kai firam. Muna tsaye a cunkoso na ce, "Auta, maganar bangon nan. Na gani tun ranar awo. Na san abin da zai..."

Ya ce, "Na sani, Yaya."

Na ce ka bari in gama.

Ya ce, "A'a. In ka gama dole in ce na yafe, ni kuma ban gama jin haushinka ba. Kada ka hanzarta ni."

Na bayanmu ya danna ham. Na ja mota. Har muka isa yana kallon waje, yana matsa yatsan da ɗaya hannun.

Talata, 22 ga Afrilu

Gwaji na biyu. Babbar nas ta ce ita kam daga bakin ƙofa za ta kalla. Mai zane ta ce a fara da bangon gabas. Na je na tsaya a ƙarƙashin ƙyauren, kaina daidai gilashin, hannuwana a aljihu, na ce ɗan kwangila ya murɗa, shi ne mai ƙarfin cikinmu. Baba ya ce in matsa. Ban matsa ba.

Ya murɗa har jijiyar wuyansa ta fito. Ko gezau.

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen ɗakin. Da aka gama duk suka zagaye Auta. Mai zane tana cewa tana da wani gini, ɗan kwangila yana neman lambarsa. Ni ina tattara kayan aiki. Abin ya ɗan ciji zuciyata, ba zan yi ƙarya ba. Amma cizon bai kama nama kamar da ba. Wataƙila gajiya ce.

Alhamis, 1 ga Mayu

Matar Auta ta sauka, mace. Auta ya miƙo min jaririyar da hannun hagu yana tallafe da na dama. Har yanzu "ina kwana" da maganar aiki ne kawai tsakaninmu. Amma ni ya fara miƙa wa, kafin Baba.

Talata, 6 ga Mayu

An kira mu asibiti, robar taga ɗaya ta zame. Na je ni kaɗai. An cika ɗakin da gadaje, tagogin duk a kishingiɗe, labule na motsi. Wata yarinya da ƙarin ruwa a hannu ta hau kan gadonta tana rataye da hannun taga, tana ja da gaske. Uban ya zabura, na ce ya ƙyale ta, ba inda za ta.

Ya zo ya tsaya a kaina ina aiki. Ashe makaniki ne. Ya leƙa tsagin, ya kishingiɗar, ya mayar, ya ce, "Kai, wanda ya yi wannan yana da kai. Daga waje aka kawo?"

Na ce wane waje, ƙanena ne. Na nuna masa lanƙwasar bayan, da ramin, da yadda farantin ke juyawa. Na ba shi labarin ranar da Auta ya kwance agogon bangon Inna yana ɗan firamare, ya mayar da shi har da ragowar ƙarafa a hannu, agogon kuma ya ci gaba da tafiya. Da labarin keken da ya yi wa birki da wayar shanya. Sai da nas ta zo ta ce lokacin allura ya yi na lura robar tana hannuna ban sa ba.

Talla ce kawai, mutumin ya ce yana gini.

Kuma har yanzu ina ganin harshen ya ɗan yi kauri ta ƙasa. Gobe zan gaya wa Auta. In ya ce a'a, to, a bar shi yadda yake.